Jaririna ba ya rabo da tari, surukata ta ce sanyi ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana biyu, babbar shekararta 4, ƙaramin watansa 7. Tun shigowar sanyin nan yaron ba ya rabo da tari da mura, wani lokaci ƙirjinsa har ƙara yake yi in yana barci. Sau biyu muna sayen maganin tari a kemis, sai ya lafa kwana biyu ya dawo. Gidanmu na gado ne, muna tare da mahaifiyar maigidana. Ita ta ce sanyi ne ya kama shi, don haka kullum da dare sai ta aiko mana da garwashi a kasko, ta ce a rufe ƙofa da taga. Girki kuwa tun da gas ya yi tsada muka koma gawayi da itace, kuma yawanci yana goye nake yi. In an ɗauke wuta maigida yakan tayar da janareta a lungun bayan tagarmu saboda tsoron ɓarayi. Bayan gidan kuma akwai bola da ake cinna wa wuta. Ni kaina da ciwon kai nake tashi da safe. Wata maƙwabciyata ta ce hayaƙi ne, amma da na faɗa wa Hajiya sai ta ce su a cikin hayaƙin nan suka raini 'ya'ya tara. Ba na so in yi mata rashin kunya. Anya hayaƙi zai iya yin wannan? Yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, Allah Ya ba yaro lafiya, Ya raya miki su.

Kin rubuto ne saboda tarin yaro, amma ni abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne 'yar maganar da kika saƙala a ƙarshe, cewa da ciwon kai kike tashi. Bari mu fara daga nan, don shi ne abin da ba ya jiran gobe.

Gawayi in yana ci, haka ma fetur a cikin janareta, suna fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa ido hawaye, ba ta sa tari. Shi ya sa mutane suke ruɗuwa: in garwashi ya ruru ya yi jajir, hayaƙi ya ɗauke, sai a ce yanzu ya yi kyau a shiga da shi ɗaki. Alhali gubar tana nan tana fita har sai ya zama toka. Idan mutum ya shaƙe ta, sai ta je ta maƙale a jini, a daidai wurin da iskar oksijin ya kamata ta zauna, kuma riƙon da jini yake yi mata ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Sai ƙwaƙwalwa da zuciya su fara rasa abincinsu. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, mutuwar jiki, da barci mai nauyi. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin sai a zarce. Labaran da muke ji na iyali guda an fasa ƙofa da safe an tarar da su babu rai, ango da amarya, ko uwa da 'ya'yanta, da yawansu wannan ce sanadi. Ba zan iya rantse miki daga nan cewa ciwon kanki na wannan iska ne ba, amma ɗaki a rufe, kasko a ciki, janareta a bayan taga, ga ciwon kai da safe: ai kayan sun haɗu.

Don haka daga daren yau kaskon nan kada ya sake kwana da ku. Kada ki ce za ki ɗan buɗe taga kaɗan ki bar shi, fitar da shi gaba ɗaya. Ɗumin yaro a jikinsa ake nema masa: riga biyu, hula, safa, ɗan bargo zuwa ƙirji, fuska a buɗe. Janareta kuma ya yi nesa da kowace taga da ƙofa, aƙalla ƙafa ashirin, wato kamar mita 6, bakin salansarsa yana kallon waje. Zaure ba wurinsa ba ne, soro ba wurinsa ba ne, lungun da iska ba ta ratsawa ba wurinsa ba ne. Maigida yana da gaskiya a kan ɓarayi, amma maganin wannan kejin ƙarfe ne da sarƙa da kwaɗo da doguwar waya. Kafin a samu halin yin haka, a kashe shi kafin a kwanta. Yanzu hunturu ne, ba wanda yake buƙatar fanka, fitila mai caji ta wadatar. Kuma in wata rana kuka tashi ku biyu ko uku da ciwon kai da jiri lokaci guda, ko aka tashi wani ya kasa tashi, a fito da kowa waje nan take, a wangale ƙofofi, a nufi asibiti. Kada a tsaya ɗura wa mutum madara ko manja. Oksijin yake buƙata.

Sai maganar yaron. Ki kai shi asibiti a makon nan, kuma ki daina sayen maganin tari a kemis. Irin waɗannan ruwan maganin ba a yi su don jarirai ba, wasu ma barci kawai suke sa yaro ki zaci sauƙi ne. Zuma ma kada ki ba shi sai ya cika shekara. Tarin da ya wuce mako biyu yana buƙatar a duba, har da gwajin tarin tibi in likita ya ga dama, kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. In kin je ki faɗa wa likita duk abin da kika faɗa mini, da kaskon da janaretan da girkin. Ki tafi da katin rigakafinsa a duba ko ya samu alluran mako 6 da 10 da 14, don a cikinsu akwai masu kare yaro daga manyan ƙwayoyin da ke kawo limoniya.

Akwai wani abu da nake so kowace uwa ta iya. Lokacin da yake kwance shiru, ba yana kuka ba, ki ɗage masa riga, ki duba agogon wayarki, ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a cikin minti ɗaya cur. Yaro daga wata 2 zuwa wata 11, in numfashinsa ya kai 50 a minti, ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, irin yayarsa, iyakar ita ce 40. In kin ga haka tare da tari, ranar za ki kai shi, ba washegari ba. In kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ya ƙi kama mama, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi laƙwas, ko ya fara jijjiga, ko leɓensa ya sauya launi, to ko ƙarfe biyun dare ne a tashi maigida a fita.

Yanzu tambayarki: anya hayaƙi zai iya yin wannan? Ƙwarai kuwa.

Ni a gidan itace na tashi. Har gobe ina ganin madafar mahaifiyata a idona, rufin ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya tana reto daga jikin azara kamar an rataye ta. In itace ɗanye ne sai ta durƙusa ta kai bakinta gindin murhu tana hurawa, ta ɗago ido jajir, ta share hawaye da gefen zani, ta ci gaba da tuƙi. Da girma ya kama ta, kowace asuba tarinta ne yake tashinmu kafin ladan. Muka riƙa cewa tarin tsufa ne. Mace ce da ko warin taba ba ta so. Sai da na girma na gane cewa abin da ya taru a jikin azarar nan shekara da shekaru, irinsa ne ya riƙa shiga ƙirjinta. Rufi dai ana iya kaɗe shi da tsintsiya, huhu kuwa ba hannun da yake kaiwa.

Abin da ke cikin hayaƙi ba wanda ido yake gani ne ya fi ɓarna ba. Manyan burbushi hanci yana tare su, su ne kike gani baƙi in kin fyace majina bayan girki. Amma akwai ƙanana ƙwarai, masana suna ce musu PM2.5, waɗanda sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Su babu mai tare su. Suna wucewa har can ƙuryar huhu, wasu su ratsa su shiga jini. A hanyar numfashi Allah Ya halicci wasu 'yan gashi ƙanana masu share majina da ƙwayoyin cuta suna turo su waje, dare da rana. Hayaƙi yana kassara su. In masu shara suka kwanta, sai ƙwayar cutar da za ta tsaya a mura ta samu hanya ta gangara ƙirji ta zama limoniya. Ga jariri abin ya fi muni: hanyoyin numfashinsa sirara ne, ɗan kumburi kaɗan yake toshe su, huhunsa bai gama ginuwa ba, kuma yana numfashi da sauri kusan ninki biyu na babba. In yana goye kina sunkuye a kan kurfoti, duk abin da ya tashi daga gawayin nan tare kuke rabawa, shi kuma ba shi da bakin cewa ya ishe shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, a ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Ta kuma ce kusan rabin yaran da limoniya take kashewa, akwai hannun wannan hayaƙi a ciki. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne a cikin manya ba huhu kaɗai yake taɓawa ba. Fiye da rabin waɗannan mace-mace daga ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, saboda burbushin da ya shiga jini yana lalata jijiyoyi a hankali. Yana da hannu a yanar ido da ke damun tsofaffin mata, yana da hannu a haihuwar jariri ɗan mitsitsi in mai ciki ta daɗe tana shaƙa. Ke nan maganar ba ta yaron kaɗai ba ce, har da ke, har da ita Hajiyar.

Na san in na ce miki ki koma gas za ki ce Anti ba ta san farashi ba. Na sani. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai ya tashi, gidaje da yawa sun jingine tukunyar gas sun koma gidan jiya. Gas ya fi tsabta nesa ba kusa ba, in da hali ko 'yar ƙaramar tukunya ce ku riƙa cikawa don ɗumame da shayi da ruwan wankan yaro, wato ƙananan girkin da ake yi kusa da ɗaki, a bar gawayi ga wake da tuwo. In babu hali kuma, akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo. Ki fito da murhu fili, inda sama take a buɗe, nesa da ƙofar ɗakin kwana, ki lura da inda iska take kaɗawa ki zauna ta ɓangaren da take fitowa, don ta kore hayaƙin daga gare ki. Ki sauke goyo kafin ki hura wuta, domin lokacin kunnawa ne hayaƙi ya fi turnuƙewa. Itace ya zama busasshe, a faskara shi ƙanana. Ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, duk abin da zai rage zamanki a gindin wuta riba ce. Sannan don Allah, kada ki kunna gawayi da leda ko guntun roba ko tsohon silifas. Na san yana kamawa da wuri, na ga yadda ake ɗiga narkakkiyar leda a kan gawayi ana fifita, amma wannan baƙin hayaƙin mai ɗaci ya fi na itacen guba. Kara ko tsinke ko 'yar takarda sun isa.

Ba ki ambaci abu biyu ba, amma na san gidan Bahaushiya, don haka zan tambaya: maganin sauro na kunnawa da turaren wuta. Wani bincike da aka buga a 2003 ya auna hayaƙin maganin sauro mai naɗi guda ɗaya, ya tarar burbushin da yake fitarwa ya kai na karan sigari 75 zuwa 137. A ɗakin jariri gidan sauro ne ya dace. Turare kuwa ba zan ce ki bari ba, ni ma ina so, ado ne na mace. Amma ki turara ɗaki da kaya lokacin da yaro yake waje, ki buɗe taga iska ta ratsa, sannan a shigo da shi. Ba a tsugunar da jariri mai tari a kan kasko.

Hazo shi ne wanda ba mu da iko a kansa. Ƙurar nan da take rufe Kano daga Nuwamba zuwa wajen Maris, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, iska ta kwaso ta ta yi ɗaruruwan kilomita ta sauke mana. Ranar da kika ga rana ta yi fari fat kamar faranti, ki rage fita da yara, ki yayyafa ruwa kafin shara, ki goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa. Ke kina iya sa takunkumi, jariri kuwa ba a sa masa. Bola kuma aikin maza ne da mai unguwa. Maigida ya nemi maƙwabta biyu ko uku su je tare, don ba yaronku kaɗai yake shaƙa ba. Kafin nan, in an cinna mata wuta ki rufe tagar ɓangaren, in ta mutu ki buɗe.

To, saura Hajiya, wadda na san ita ce ainihin abin da ya hana ki barci.

Ki fara da sanin cewa matar nan ƙauna ce take sa ta tashi cikin sanyi ta ɗebo garwashi ta aiko. Jikanta take karewa da abin da ta sani. Kuma ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba: iskar hunturu mai sanyi da bushewa tana busar da hanci da maƙogwaro, mutane suna cunkushewa a ɗaki ɗaya, mura tana yawo daga wannan zuwa wancan. Amma sanyi da kansa ba ya zama limoniya, ƙwayar cuta ce take kawo ta, hayaƙi kuma yana buɗe mata ƙofa. Game da 'ya'ya tara, gaskiya ta faɗa, sai dai ɗakin da ta raine su ba irin naki ba ne. A da tsakar gida fili ne, girki a waje, ƙofa asabari ne ko labule, iska tana shiga tana fita, babu janareta, babu leda. Yau bulo ne da silin da tagar gilashi mai rufewa ruf, abin da ya shiga ba ya fita. Kuma ko a wancan zamani, mu da muka gani mun san gidaje nawa ne aka haifi goma aka raini shida, aka ce ciwon haƙarƙari ne, aka yi haƙuri. Wannan ta ƙarshen ke nake faɗa wa, kada ki kai mata ita, wataƙila akwai ciwon da za ki fama.

Kada ki sake ce mata maƙwabciya ce ta faɗa. Babu surukar da za ta ajiye sanin shekara sittin saboda maganar maƙwabciya. Ki roƙe ta ta raka ki asibiti, ki ce mata hankalinki ya fi kwanciya in tana kusa. In da hali ki ɗan keɓe da ma'aikaciyar jinya tun farko ki roƙe ta ta yi bayanin garwashin a gabanta. Abin da ta ji da kunnenta daga bakin mai farar riga, ita da kanta za ta dawo gida tana faɗa wa mutane. Maigida kuma ki same shi ku biyu, lokacin da ya ci ya huta, ki nuna masa wannan amsa in kina so. Shi ɗanta ne, abin da zai faɗa mata cikin wasa da dariya ke in kin faɗa sai ya zama magana. Akwai kuma abin da na tabbata zai shiga zuciyarta fiye da duk lissafin da na kawo: ya tabbata a hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, labari sai ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta. Ɗanta ya tuna mata wannan, a matsayin bin sunna, ba a matsayin gyara mata kuskure ba.

Sannan kada ki ƙwace mata kulawar jikanta, ki sauya mata hanya kawai. Kaskon ya zauna a tsakar gida, ku ji ɗumi tare bayan isha'i, in za a kwanta a kashe. Lokacin girki kuma ki kai mata shi ɗakinta ki ce, Hajiya ga mijinki nan ki riƙe mini, hayaƙi yana tayar masa da tarin. Kakar da za ta ƙi karɓar wannan aiki ban taɓa ganinta ba.

In duk an yi wannan ta ci gaba da aikowa, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, in ta shiga ɗaki ki ajiye shi waje ki zuba masa ruwa, maigida yana sane. A kan kwana da garwashi kaɗai nake ce miki kada ki sassauta ko da za a yi fushi da ke na kwana biyu.

In kun dawo daga asibiti ki sake rubuto mini abin da likita ya ce, ki kuma gaya mini ko ciwon kan naki ya daina bayan an fitar da kaskon an matsar da janaretan. In bai daina ba bayan mako guda, ke ma ki yanki kati a duba ki, a auna miki jini.